Na Baya Shi Ke Gajiya

Ku da kuka zo mini da waya a hannu wai za ku buɗe harkar kai mutane yawon duwatsu, ku ja benci ku zauna tukuna. Na ji tsarinku: a ɗauki shatar bas, a sayi tantuna, a watsa hoton dutsen Shere a waya, jama'a su taru, a tafi. Ɗayanku ma cewa ya yi, "Oga, ai tafiya ce kawai." To, tafiya ce. Akuya ma tana hawa dutse, amma ban taɓa jin an ba ta amanar mutum ba. Ɗazu da na tambaya wa zai shige gaba, dukanku kuka ɗaga hannu. Da na ce wa zai tsaya a baya, kowa ya sunkuya yana latsa waya. Don haka bari in ba ku labarin ranar da Baba Gyang ya ce sai ya ƙara hawa Shere, ku ji abin da na baya yake yi.

Baba Gyang shi ne ogana a wannan sana'a. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Bukuru, gajere, ba ya son yawan magana, kuma tun kafin a haife ku yake kai 'yan makaranta da baƙi kan duwatsu. Ni a lokacin direban bas ne, ina jigila tsakanin Bukuru da cikin gari, da aurena da 'ya'yana. Wata rana ya ɗauki shatar motata zuwa Assop, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse. Ya tsaya yana kallon yadda nake ɗaure kaya a kariyar saman mota, ya ja igiyar ya ji ta tamau, ya ce, "Ɗanlami, wa ya koya maka wannan ƙulli?" Na ce buhunan dankali ne suka koya mini. Ya ce to mako mai zuwa in zo da takalmi mai igiya. Haka na shiga, ban kuma koma lodin fasinja ba.

Bayan ya tsufa ya bar mini harkar, hawan jini ya buge shi, ƙafarsa ta hagu ta yi nauyi. Ya daɗe a ɗaka. Ran nan, a ƙarshen damina, ina ƙofar shagona a unguwar Ali Kazaure a cikin Jos ina shanya tantuna, sai ga mota ta tsaya. 'Yarsa Kaneng, wadda take aikin jinya, ta fito, shi kuma ya biyo ta yana dogara sanda. Muka gaisa, na ba shi kujera, ya ƙi zama.

Ya ce, "Asabar kuna da tafiya?"

Na ce, "Muna da ita, Baba. Riyom da Assop, mu kwana a gindin Shere, da safe mu hau."

Ya ce, "Ka sa ni."

Da ya shiga shago yana shafa tantuna, Kaneng ta ja ni gefe. Ta ce, "Kawu, tun da ya tashi daga ciwon nan ko coci ba ya zuwa, wai kada a ga yana jan ƙafa. Yau ne karo na farko da ya ce a fito da shi. Likita ya ce zai iya hawa, muddin zai riƙa hutawa akai-akai. In ya kai sama da ƙafarsa, na tabbata zai koma cikin mutane. In kuwa aka sauko da shi a kafaɗa, ko ya ga jama'a sun tsaya suna jiransa, na san ubana, ba zai ƙara leƙa ƙofar gida ba."

Da za su tafi, ya juyo ya nuna ni da sanda. Ya ce, "Kuma kada ka ɗaure mini takalmi. Ni na koya maka."

Wannan magana ita ta hana ni sakat, kuma ba za ku gane ta ba sai na kai ku hawana na farko tare da shi.

Wasu 'yan kasuwa ne suka zo daga Kano. A cikinsu akwai wani Alhaji mai jiki, mai barkwanci, wanda tun a mota yake cika baki cewa shi a gindin Dala ya girma, dutse ba baƙonsa ba ne. Baba ya tura wani ya shige gaba, shi ya tsaya a can baya, ya ce in tsaya kusa da shi. Na yi mamaki, mai harka ɗungurungum a baya? Ba mu yi nisa ba Alhaji ya daina surutu. Sai na ji Baba ya ce, "Alhaji, don Allah ɗan jira ni, igiyar takalmina ta kwance." Ya zauna a kan wani falalen dutse mai inuwa, ya warware igiyar gaba ɗaya, ya shiga zura ta a hankali kamar mai saƙa. Alhaji ya samu wuri ya zauna yana yi masa tsiya, wai mutum da aikinsa ya kasa ɗaure takalmi. Aka ƙara gaba, wai tsakuwa ta shiga ƙafarsa. Aka ƙara gaba, wai ga agwada can a kan dutse, lallai sai Alhaji ya gan ta. Daga baya kuma ya roƙe shi ya koya masa yadda ake gane shadda mai kyau, Alhaji ya tsaya ya zuba bayani har numfashinsa ya dawo. Da muka kai sama Alhaji ya ce wa abokansa, "Ba don mutumin nan yana ta tsayar da ni ba, ai da na riga ku." Baba ya ce, "Gaskiya ne, Alhaji, a yi haƙuri."

A saukowa ne ya yi mini bayani, kuma ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin ta ranar ba. Ya ce, "A aikin nan baƙo ba ya gajiya. Na baya shi ke gajiya. Mutum ya baro shagonsa ko ofishinsa inda ake girmama shi, ya zo ya ba ka ƙafarsa. Kada ka mayar da shi gida da kunya." Ya ce kada in taɓa tambayar mutum ko ya gaji, don zai ce a'a, ya ƙara sauri, ya faɗi. In tsayar da shi tun kafin ya nema, kuma a wuri mai kyan zama, yadda zai zaci dama nan ake tsayawa. Ya ce kada in saurari baki, in kalli ƙafa: wani yana haki amma lafiyarsa ƙalau, wani kuma shiru yake amma ƙafarsa ta fara shafar dutse maimakon ta tsallake shi. Shi kuma na gaba, da ya ji usur daga baya, sai ya nemi wurin kallo ya tara jama'a ya shiga ba su labari, don kada kowa ya san jira ake yi. In na ƙarshe ya iso, ba a tafa masa, ba a kuma miƙewa nan take, sai shi ma ya sha ruwa. Kuna cewa na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. A wajenmu na baya shi ke riƙe da tafiyar.

To kun ga inda gizo yake saƙar. Dole Baba ya huta, kuma duk wata dabarar hutar da mutum da na sani, daga hannunsa na karɓa. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na yi lodi, ina yi ina wannan tunani. Lodin tafiyar kwana ba lodin fasinja ba ne. Jarkokin ruwa suna ƙasa a tsakiyar mota, don kada nauyi ya rinjaye ta a kwanar gangaren Assop. Tantuna su ne ƙarshen shiga, saboda su ne farkon fita in hadari ya taso. Turakun katako ba sa shiga ƙasar nan tamu, don haka namu na rodi ne, wani maƙeri a Bukuru ya yanka mana ya lanƙwasa kansu. Sai guduma, adda, tamfol na shimfiɗawa a ƙarƙashin tanti saboda raɓa, da barguna fiye da yawan mutane, tunda kowane baƙo cewa yake shi ba ya jin sanyi sai Jos ta gaisa da shi. Sai tukunyar gas, butoci da tabarmar salla, akwatin magani da bandeji da filasta, da usur a wuya. Nama kuwa ni da kaina nake zuwa wurin mahauci, don kowa ya ci daga tukunya ɗaya ba tare da tambaya ba. Wannan ma dokar Baba ce.

Akwai wani koren tanti mai faci a cikin kayan, shi na ware masa, don tare suka sha wuya. Shekarar da gari ya rikice, baƙi suka ɗauke ƙafa ɗif. Ni ba na iya zuwa unguwarsu hankali kwance, shi ma ba ya iya shigowa tamu. Waɗanda muka fara harkar tare da su suka sayar da tantunansu ga masu ba da hayar rumfar biki, suka kama wata sana'a. Baba bai sayar da ko turke ɗaya ba. Lokaci-lokaci sai ya aiko mini in same shi a hanyar Lamingo da addata. Mu biyu kaɗai, ba baƙo ko ɗaya, mu hau Shere muna sare ciyawar da ta rufe hanya, muna gyara duwatsun da ruwa ya ture. Na taɓa ce masa, "Baba, wa muke share wa?" Ya ce, "Hanya ma zumunci ce, a ƙafa take." In mun sauko sai mu biya gidan mai unguwar ƙauyen da ke gindin dutsen, mu kai masa gishiri da sabulu. A irin wannan lokaci, da mutane ke kallon juna da gefen ido, ya kama hannuna a gaban dattawan ƙauyen ya ce, "Wannan nawa ne. In ya zo ba ni, ni ne na zo." Da ƙura ta lafa baƙi suka dawo, hanyarmu ce kaɗai a buɗe, kuma mu kaɗai aka yarda mu kafa tanti a wurin. Har gobe albarkacin wannan nake ci.

Asabar da safe muka tashi, Baba a gidan gaba kusa da ni, Kaneng a baya cikin baƙi. A Riyom kowa ya sauka yana ɗaukar hoto da duwatsun nan da suka hau kan juna kamar an jera su da hannu. Baba bai kalli duwatsun ba, ƙafafun mutane yake kallo. Can ya taɓa ni ya ce, "Wancan mai sabon takalmi, gobe zai yi bororo a dunduniya. Ka sa masa filasta tun yau." Na duba, haka ne kuwa. A nan dabara ta faɗo mini. Ƙafar ce ta yi nauyi, amma idon aiki yana nan daram, kuma mutum irinsa ba tausayi yake nema ba, aiki yake nema.

A cikin baƙin akwai Malama Asabe, malamar wasanni a wata makaranta a Daɗin Kowa. Ta sha bin mu, amma bayan Baba ya ajiye aiki ta fara, don haka bai san ta ba. Mace ce mai jiki, wanda ya gan ta zai ce ba za ta kai rabi ba, alhali samari take bari a baya suna neman ruwa. Da muka isa Assop, jama'a suka gangara kallon ruwa yana zubowa, na same ta a inda ƙarar ruwan za ta rufe maganarmu, na gaya mata komai.

Ta yi dariya ta ce, "Ni Asabe in zama ta ƙarshe? Malam Ɗanlami, so kake ka ɓata mini suna." Sai ta waiwaya ta dubi Baba, yana zaune a kan dutse da sandarsa a tsakanin gwiwoyi, yana yi wa wani kashedi kada ya taka inda gansakuka take. Sannan ta ce, "To, yaya ake yin hakin?"

Kafin magariba muka isa gindin Shere. Ba a sauke ko jaka ɗaya ba sai da muka je muka gaida mai unguwa, wanda da ya ga Baba ya rungume shi ya ƙi saki. Muka kafa tantuna, ƙofofi suna ba iska baya, muka ja ƙaramar kwata a kewaye ko da ruwa zai sauko. Aka ɗora gwaten acca, kowa ya ci ya ƙara. Da asuba mu muka yi salla a gefe guda, Kiristocin cikinmu kuma da gari ya waye suka yi addu'arsu ta Lahadi a ɗaya gefen, aka sha shayi. Sai na je na durƙusa a ƙofar koren tanti.

Na ce, "Baba, ina da matsala. Ka ga matar can mai jar hula? Jiya a Assop na ga tana haki. Bitrus zai shige gaba, ni kuma ruwa da kayan shayi suna kaina, dole in tsaya a tsakiya. Ba ni da na baya."

Bitrus shi ne abokin aikina mai jan gaba. Baba ya dubi Malama Asabe, ya dawo ya dube ni. Sannan ya miƙo hannu ya ce, "Ba ni usur."

Muka kama hawa. Ni da Kaneng muka riƙa jan jiki, yadda duk kwanar da muka sha muna hango su a ƙasa. Da farko Malama ta cika gishiri, tana nishi tana dafe ƙugu tun ba a bar gonakin dankali ba, har na ji tsoron za ta tona mu. Amma mace ce mai kai. Ba a jima ba ta gano bakin zaren: da ta ji ƙafar hagun nan ta goge dutse, sai ta rage sauri ta saki ajiyar zuciya. Shi kuma sai in ji muryarsa, "Madam, don Allah ɗan jira ni, igiyar takalmina ta kwance." Ya zauna, ya warware, ya zura a hankali, ita tana zaune a gefe tana shan iska. Ya nuna mata agwada. Ya tambaye ta yadda ake koya wa yara tsallen sanda, ta tsaya ta yi bayani. Duk hutun da likita ya ce ya yi, ya yi shi har da ƙari, kuma ba wanda ya ce masa ya huta. In sun daɗe sai ya busa usur, can sama Bitrus ya tara jama'a ya buɗe sabon labari.

Akwai wani wuri dab da ƙarshe, matsatsi tsakanin manyan duwatsu biyu, da wani tudu da ya kai ƙirjin mutum. Mai lafiya ma sai ya sa hannu da gwiwa. Tun a shago wurin nan nake tunani, don na san Baba ba zai karɓi hannun kowa ba. Na laɓe a sama ina leƙe. Baba ya gwada wa Malama inda za ta sa ƙafa, ta hau da ƙyar yadda aka tsara. Da ta kai, sai ta durƙusa a bakin tudun ta ce, "Baba, jiri nake ji. Don Allah riƙe ni, kada ka sake ni." Ya miƙa mata sandarsa ta ajiye, ya kama wuyan hannunta, ita ma ta kama nasa. Ya sa ƙafar dama ya yunƙura, ta hagu ta zame. Na ga jijiyoyin hannun matar nan sun miƙe, ta kafa dunduniya a dutse ta ja shi sama gaba ɗayansa, bakinta kuma bai daina cewa, "Kada ka sake ni, Baba" ba. Ya hau. Suka zauna su biyu suna mayar da numfashi, yana ce mata, "Kin gani ko? Ai na ce za ki iya." Ban taɓa ganin baƙo ya yi aikin da matar nan ta yi ba, kuma har yau in na tuna sai in ji ta ƙara girma a idona.

Da suka ɓullo a sama, Bitrus yana tsakiyar nuna wa jama'a madatsar ruwan Lamingo da tsofaffin ramukan kuza suna ƙyalli a rana, da Jos shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Ba wanda ya tafa, ba wanda ya juyo. Kaneng ce kawai ta ba mu baya tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba. Baba ya je ya zauna a kan dutsen da ya saba zama, ya miƙe ƙafar hagun, ya daɗe yana kallon gari. Na kunna gas na dafa shayi na kai masa. Ya kurɓa, ya ce in zauna.

Ya ce, "Ɗanlami, matar nan da baki take haki. Ƙafarta ko sau ɗaya ba ta shafi dutse ba."

Na shiga kallon kofin da ke hannunsa.

Ya ce, "Tun a gonar dankali na gane. Wannan kam ba ni na koya maka ba." Ya ƙara kurɓar shayi, ya dubi inda Malama take zaune tana fifita da jar hularta, har yanzu tana ɗan nishi saboda shi. Ya rage murya ya ce, "Kada ka gaya mata na sani. Ta yi ƙoƙari, kada ta koma gida da kunya. A saukowa ma ka bar mini ita."

Na bar masa ita. Suka sauko na ƙarshe, ya ɗaure takalminsa iya son ransa. Lahadin da ta biyo baya Kaneng ta kira ni ta ce ya tafi coci da ƙafarsa, yana jan ta a gaban kowa, ya ma ƙi a kai shi a mota.

Asabar ɗin nan akwai tafiya. Wanda yake so a cikinku, ya zo da takalmi mai igiya.